Wuyan Tulu a Katangar Yaya

Shekarar da Nasara suka shigo Sakkwato, yayata ta bar mini kajinta ta tafi gabas. Mijinta malami ne, yana cikin waɗanda suka ce ba za su zauna ƙarƙashin baƙin mulki ba, sai suka ɗaure kaya suka bi ayarin masu hijira. Ni mijina mahauci ne. Ya ce ko wa ke mulki mutane za su ci nama, saboda haka muka zauna. Gidanmu da nasu katanga ɗaya ce ta raba. Ita ce ma ta shige gaba aka yi aurena a nan don mu zauna kusa da juna, ga shi kuma ita ta fara tashi.

Da safiyar tafiyar ta shigo da kajin cikin kwanduna, ta dire a tsakar gidana.

"Amana na baki, ba kyauta ba," in ji ta. "Ki riƙe man su har in komo. Kada ki bari mijinki shi dube su da idon sana'a."

Muka yi dariya, ta fita. Kafin rana ta ɗaga maza sun jera tubali a ƙofar zaurensu sun yaɓe, kamar yadda masu tafiya da yawa suka yi a shekarar, don a san gidan yana da mai shi. Sawun yatsun masu yaɓen ya daɗe a jikin ƙasar. Duk lokacin da na fita unguwa sai na kau da kai daga wajen.

Na riƙe amanar nan har na zama abin tsokana a unguwa. Gidan mahauci, wuƙa a kowane lungu, amma kaza ta bi ta gaban maigida tana rangaji ba mai ce mata kanzil. Baƙo ya zo, sai dai a kawo masa nama daga mahauta. Ƙwai ban taɓa ci ba, nakan bar su su ƙyanƙyashe. Zakarun da suka yi yawa suna faɗa, na ba da su sadaka da niyyar Allah Ya kai Yaya lafiya Ya dawo da ita. Burina ɗaya ne: ranar da za a fasa toshiyar zauren nan, in kora mata garke in ce ga abinki, ƙirga. Kuma akwai abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. A raina na ɗaure ran Yaya da na kajin, muddin suna yawo tana raye. Na san wannan ba karatu ba ne, na sani sarai, amma haka zuciyata ta yi.

Cikin kajin akwai wata wake-wake, mai baƙin hali, wadda ba ta barin kowa ya ci sai ta ƙoshi. Da shekaru suka ɗan ja, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san hannun Yaya, sauran duk 'ya'ya ne da jikoki. Yaya ba ta kiran kaji da baki. Zoben azurfa ne a yatsanta, sai ta ƙwanƙwasa shi a gindin ƙwaryar tsaba, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kaji su taho a guje daga ko'ina. Na gwada da nawa zoben har na gaji. Wake-waken nan takan karkata kai ta dube ni da ido ɗaya, ta ci gaba da tononta.

Sai aka fara bi unguwa-unguwa ana karɓar kaji da ƙwai, wai na bariki. An ce Bature ba ya karya kumallo sai da ƙwai. Ni dai ban taɓa sanin cikin mutum ɗaya na ɗaukar ƙwan gari guda ba, amma ba a tambaye ni ba. Kazar da ta leƙa waje ta tafi ke nan. Gidan da aka ji kuka a ciki, a tsaya a ƙofa a aika tsohuwa ta shiga ta kamo. Kowa ya kulle kajinsa, ni ma na kulle nawa dare da rana a akurki. Abin ya zo daidai da bazara.

Wanda bai yi bazara a Sakkwato ba, ba zai gane ba. Da hantsi ƙasa ta fara cin tafin ƙafa. Ruwan randa ya koma kamar an ɗora shi a murhu. Akurkina kuwa ɗan gini ne na ƙasa a lungun gida, tsayinsa bai kai ƙirjina ba, ƙofa ɗaya gare shi da nake toshewa da dutse. Don kwana aka gina shi, ba don wuni ba. Ranar farko da na janye dutsen bayan azahar, wani turiri ya bugi fuskata. Kajin na kwance, baki a buɗe, fukafukai a sake, suna haki. Na ciro matattu. Washegari ma na ciro.

Na zauna a ƙasa da mushen budurwar kaza a cinyata ina kuka, ni da nake gidan da ake kayar da bijimi kullum. Maigida ya tsaya a kaina.

"Bari in yanka su tun da sauran amfani," ya ce. "Wagga rana ba ta barin ko guda."

"In wuƙarka na ƙaiƙayi ka koma mahauta," na ce masa. "Waɗanga ba naka ba, ba nawa ba."

Mutum ne mai haƙuri, ya fi ni nesa ba kusa ba. Ya girgiza kai ya wuce.

Na yayyafa ruwa a ciki, abin ya ƙara turiri. Na rufa zana a kai, ya ɗan rage, bai hana ba. Sai na tuna akurkin kakata a Kwalkwalawa, inda muke zuwa lokacin girbi muna yara. Can ba a yar da fasasshen tulu. A ɗauki wuyan, a gina shi cikin bangon akurki, ɗaya ƙasa ɗaya sama. Takan ce in zafi bai sami mafita ta sama ba, sanyi ba zai shigo ta ƙasa ba. Wuyan tulu ba ya zaizayewa, muzuru ba ya iya shiga ta ciki, a kuma gicciya ƙirare a bakin saboda tunku da maciji. Tuluna fasassu kuwa ba su da wuyar samu a gidana, ina da hannun fasa abu.

Wuyan tulun da ke sama bai ba ni wahala ba, na huda kusa da rufi na dasa shi. Na ƙasa shi ne magana, domin shi ke kawo iskar, dole a san daga ina za ta zo. Na ɗaura gashin kaza a zare na riƙa zagaya akurkin, da safe, da hantsi, da tsakar rana, ina duba inda gashin zai motsa. Yamma katangar hanya ce, rana na dukanta har magariba, kuma can masu karɓar kaji ke bi da kunnuwansu a buɗe. Gabas bayan ɗakina ne, ko tsinke ba ya motsi a wurin. Kudu tsakar gida ce, inda muke narkar da kitse muna shanya fatu. Gashin na motsi a can, amma iskar da ke motsa shi ta fi rashinta muni.

Saura arewa, katangar Yaya, wadda akurkin ke jingine da ita. Na shiga na dafa ta da tafin hannu da tsakar rana, na ji ta da sanyi. Akwai ceɗiya a gidan, tun da aka daina sassabe ta ta baje ta rufe rabin tsakar gidansu, rassanta har suna leƙo mu.

Na faɗa wa maigida abin da nake so in yi. Ya juya ya dubi katangar.

"Gidan da anka toshe ba a huda shi," ya ce. "Ba mu san abin da yaz zamna ciki ba bayan tahiyassu."

"Gidan yayata na. In da wani abu ciki, ya san ni."

"Ni dai ba da hannuna ba."

Ban nemi hannunsa ba. Da ya fita mahauta sai in ɗauki wata tsohuwar wuƙarsa da ta dakushe, da ƙoƙon ruwa, in rarrafa cikin akurkin. In jiƙa ƙasar, in jira ta sha, in kankare. Katangar da ce, gindinta da kauri, na kwana biyu ina abu ɗaya, kashin kaji a gwiwa, ƙuma a wuya, wake-waken nan na saran diddigena. Ramin ya ci hannuna zuwa gwiwa, ya ci zuwa kafaɗa.

Da tsakar rana na fasa. A irin wannan lokaci a bazara garin kan mutu, ba daka, ba tallar fura, ko jaki ba ya kuka. Na ji wuƙar ta tafi babu abin da ya tare ta, ta suɓuce ta faɗa can. Ban ji ƙarar faɗuwarta ba. Hannuna ya fita a gidan Yaya har wuyan hannu, kuncina a manne da katanga, ba na ganin komai. Sanyi ya zagaye yatsuna kamar na tsoma su a randa. Ya kamata in janye, amma sai na bar hannun a buɗe, ina jira a kama shi. Ba a kama ba. Da na zare, iska ta biyo ramin, mai warin danshi da ruɓaɓɓen ganye, can ƙarƙashinsa kuma da ɗan ƙamshin kanumfari irin wanda Yaya ke ƙullewa a bakin zanenta.

Na dasa wuyan tulun, na yaɓe gefensa, na gicciya ƙirare, na rataye gashin nan a gabansa don in riƙa ganin aikin iskar. Abin ya yi. Zafi na fita ta sama, sanyi na shigowa ta ƙasa, kamar yadda kakata ta ce. Kaji suka rufe baki, suka tattara fukafukai, suka koma faɗa a kan dusa. Ban sake ciro mushe ba. Na yi murna har na yi wa maigida gori, ya ce Allah Ya sa alheri, bai ƙara ba.

Gashin na fara lura da shi. Iskar da ke shigowa wuri, gefe ɗaya take tura abu. Wannan kuwa sai ya taho wajena a hankali, ya tsaya, ya koma wajen ramin a hankali, ya tsaya, kamar ƙirjin mai barci. Na ce wa kaina rassan ceɗiya ne ke kaɗawa. Na fito na ɗaga kai, ko ganye ɗaya ba ya motsi.

Sai shirun kajin. Kaza ba ta shiru, ko tana gyangyaɗi sai ta yi ɗan gunaguni. Amma in rana ta take, sai akurkin ya yi tsit. Wata rana na janye dutsen kaɗan na leƙa. Dukansu na tsaye, manya da 'yan tsaki, sun ba ni baya, sun fuskanci wuyan tulun. Ba mai tono, ba mai susa. Ina durƙushe ina kallonsu na ji shi, daga can cikin ramin, ba da ƙarfi ba.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Wake-waken ta miƙe wuya, ta taka har bakin tulun, ta cusa kai tsakanin ƙiraren iyakar inda zai shiga. Sauran da ba su taɓa ganin Yaya ba suka matsa bayanta. Na karanta duk abin da na iya, wani ma na haɗa farkonsa da ƙarshen wani. Tsoro na ji, tsoro na gaske. Amma ban gudu ba, kuma washegari tun kafin lokacin ya yi ina durƙushe a wurin.

Na faɗa wa maigida. Ya ce ƙwarya ce aka bari a ragaya, na buɗe wa iska hanya tana kaɗa ta tana bugun bango. Magana ce mai ma'ana, na kuma yarda da ita da safe da yamma. Da tsakar rana ne ba na yarda.

Haka na koma mai wuni a gindin akurki. Tuwo ya ƙone, kitse ya kama a tukunya. Nakan sa baki kusa da ƙofar in ba da labari a hankali: wadda ta haihu, wanda ya rasu, rijiyar da ta ƙafe, yadda Nasara suka hana kaza suka kawo kaza. Ba a taɓa amsa mini ba, ƙwanƙwasar ce kawai, ta zo ta tafi. Maƙwabta suka ji labari, domin a unguwarmu ko tari ka yi sai an ji. Mata suka daina aiko yara ɗibar wuta a gidana. Wata ta aiko mini da rubutu in sha, na sha, na gode mata, na koma wurin zamana.

Rannan sai ga maigida ya dawo da rana tsaka, abin da ba ya yi. Ko hannu bai wanke ba. Ya zo ya tsuguna kusa da ni a cikin ranar nan, muka saurara tare har aka ƙwanƙwasa aka gama. Na ga ya ji, domin ya sunkuyar da kai.

"Akwai maganad da ni ɓoye maki," ya ce. "Tun bara waccan. Wani mai koro shanu daga gabas, da shi anka tahi, shi ya komo. Ya ce yayarki ba ta yi nisa ba. Zazzaɓi ya kama ta bisa hanya, tun ruwan hwari bai sauka ba. Sun rufe ta gindin wani icce, sunka wuce."

Ya dube ni yana jiran in faɗi ko in yi ihu.

"Na ga yadda kike da kajin ga, na kasa," ya ce. "Ki gahwarce ni."

"Na sani," na ce.

"Wa yag gaya maki?"

"Mai rai ba ta kiran kaji daga gidan da anka toshe."

Sai da na ji bakina ya faɗa na gane gaskiya ne, na daɗe da sani. Ashe tun shekarar farko, ina ba da zakaru sadaka don ta dawo lafiya, tana kwance a gindin itacen da ba wanda ya riƙe sunan garinsa. Ban ji haushin maigida ba. Na so in ji, abin bai zo ba.

Da yamma ya ce Yaya ba ta bar ɗa ba, mijinta ba a san inda ya ƙare ba, ko gaban alƙali aka je ina cikin magada. Kajin sun zama nawa, in ci, in sayar, in yi yadda na so.

"Ba haka munka yi da ita ba," na ce.

Washegari hadari ya fara haɗuwa a gabas, na farko a shekarar, ya tsaya can nesa bai ƙaraso ba. Na shiga akurkin da ƙoƙon ruwa da wata wuƙar. Na zare ƙiraren, na jiƙa yaɓen, na girgiza wuyan tulun har ya fito. Na yi ta kankarar ramin ina faɗaɗa shi har ya isa kaza ta wuce ba tare da ta sunkuya sosai ba. Ban leƙa ba. Haske kore-kore na shigowa ta ciki, na ga wannan, ya ishe ni. Na ja da baya na zauna a bakin ƙofa na jira rana ta take.

Da aka ƙwanƙwasa, wake-waken ba ta ko waiwaye ni ba, bayan duk tsabar da ta ci a hannuna. Ta shiga ramin da saurinta na tsufa. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, masu 'yan tsaki da 'yan tsakinsu, zakara a ƙarshe. Na rarrafa na sa bakina a ramin.

"Yaya, ga kajinki," na ce. "Ba su cika ba. Rana ta kashe wasu, wasu na ba da sadaka. Ki yi haƙuri."

Na ji motsinsu a cikin busasshen ganye, suna tono, suna nisa. Na jira a sake ƙwanƙwasawa. Na jira har aka kira la'asar.

Ramin na bar shi a buɗe, na ajiye kaskon ruwa da dusa a akurkin ko za su dawo. Ba wadda ta dawo. Ruwa ya sauka a makon, ciyawa da ƙwari suka wadata a can, kuma shekara da shekaru muna jin carar zakara daga bayan katangar. Iska ta ci gaba da shigowa da sanyinta, tana sanyaya akurkin da ba kowa. Maigida ya ce da na faɗaɗa ramin iskar ta sauya hanya, shi ya sa ƙwaryar ta daina bugun bango. Wataƙila haka ne. Da aka zo ba wa wasu gidan daga baya, ranar da za a fasa toshiyar na tafi Kwalkwalawa na kwana, na kuma roƙi maigida kada ya taɓa gaya mini ko an sami ƙwarya a ragaya ko ba a samu ba. Ya riƙe mini wannan har ya rasu.

Mutane sun yaba mini. An ce wance ta riƙe amana ta mayar har ga wadda ba ta duniya, har ana ba yara misali da ni. Nakan bar su kawai. Ni dai na san tsakar ranar da na yi ta zama a bakin akurkin nan bayan tafiyar kajin, kunnena a rami, ba abin da ke fitowa sai sanyi. Kiran ba nawa ba ne, kajinta take kira, ni ina gefe ne ina samun rabo. Yanzu na tsufa, na fi Yaya shekaru nesa, ban kuma taɓa cin amanar kowa ba. Amma da na san kiran zai tsaya, wallahi da na riƙe ɗaya.